Wane suna za mu ba golan da ke fitowa daga raga?

Mai Sharhi, Gusau

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon malamai da 'yan ƙwallo. Ni ke riƙe lasifika a gasar unguwanni da muke yi bayan sallah, kuma akwai kalmar da ta gagare ni. Turawa suna ce wa wani irin gola "suwifa-kifa", wato golan da ba ya dasa ƙafa a bakin raga, yana fitowa har wajen yadi na 18 ya kwashe ƙwallon da aka jefa bayan 'yan baya kafin ɗan gaba ya cim mata. Irin su Neuer da Alisson da Ederson. In na faɗi kalmar Turancin samari sun gane, amma dattawan da ke kan benci sai su bi ni da ido. In kuma na tsaya bayani, kafin in gama an kai ƙwallo ɗaya ragar. Kalma nake so gajera, wadda baki zai ɗauka ana cikin gudu.

Mai Gidan Kallo, Tudun Wada

Wa alaikumus salam. Ai wannan mai sauƙi ce: gola mai shara. Abin da Turancin ke nufi ke nan.

Malamin Hausa, Ƙauran Namoda

A'a ƙanena, a yi a hankali. In ka ce mai shara, Bahaushe tsintsiya zai gani, wani ma ya ɗauka zagin golan ake. Dubi "satar gida". Wanda ya fara faɗar ta bai bi Turanci ba, abin da ɗan wasan ya aikata ya kalla: ya laɓaɓa ya shige bayan masu gida. Shi ya sa ta zauna a bakin kowa. To mu ma mu fara jin aikin tukuna. Akwai koci a nan?

Koci, Samaru

Ga ni, Malam, Allah ya ƙara sani.

Maganar ba daga gola take farawa ba, daga 'yan baya take. Ƙungiyar da ke son matsa wa abokan hamayya tun a gidansu dole 'yan bayanta su turo har kusa da layin tsakiya. In ba su turo ba, 'yan gaba suna can suna kora, 'yan baya suna nan, tsakiyar fili ta zama kasuwa, kowa ya karɓi ƙwallo ya juya yadda ya ga dama. In sun turo kuwa fili ya ƙuntata, ana ƙwace ƙwallo da wuri, harin da ke isowa raga ya ragu. Sai dai an bar fili fetal tsakanin 'yan baya da raga. Fasin ɗaya mai tsawo ga ɗan gaba mai gudu, shi ke nan. Kuma ba a yin satar gida in mutum ya taso daga rabin filinsu, don haka ba kullum mai tuta zai cece ka ba.

Wannan filin shi ne gonar golan da ake magana. Ƙwallo tana gaba, shi ma ya matso bakin yadi na 18 ko ya wuce. Da an ɗaga ƙafa za a jefo ta, ya riga ya auna: ni ko shi wa zai fara isa? In shi ne, ya fita. Kuma da ya ƙetare layi hannu ya haramta, sai ƙafa ko kai ko ƙirji. Duk wanda ya kalli Jamus da Aljeriya a gasar cin kofin duniya ta 2014 ya ga abin a fili. Tun farkon wasa aka jefa wa ɗan gaban Aljeriya Islam Slimani ƙwallo ya tsere wa 'yan baya, Neuer, golan Jamus, ya baro raga ya bi shi can gefe ya zame ya cire ta. Haka ya yi ta fitowa har Jamus ta ci 2-1 bayan ƙarin lokaci. Ranar da a bakin raga ya tsaya yana jira, ina jin da labarin kofin nan ya canza.

Abin da nake so a riƙe: yawancin ƙwallayen da irin wannan gola ke hanawa, ba a ma kai ga buga su ba.

Tsohon Gola, Talatar Mafara

Koci ya yi magana. Ni na tsare raga tun ana mayar wa gola ƙwallo da ƙafa ya sa hannu ya ɗauka. Lokacin in munka ci ɗaya, sai mu yi ta yi: in mirgina ma ɗan baya, ya maido mani, in ɗauka, in rungume, in duba sama kamar mai neman wata. Anka yi gasar duniya ta 1990 a Italiya ƙwallaye sunka yi ƙaranci, mutane sunka gaji, a 1992 anka hana. Ranar da wagga doka ta iso muna, gololi da yawa sunka tsufa dare ɗaya, don ƙafarsu ba ta san komi ba sai dukan ƙwallo sama.

Amma ku ɗiyan yanzu kada ku ɗauka Neuer ya fara. Tun shekarun 1950 golan Hungari, Grosics, shina fitowa. Kuma ku tuna Higuita na Kolombiya: a 1990 ɗin nan ya fito nesa da raga zai yanke Roger Milla, Milla ya amshe ta ya jefa a raga ba kowa, Kamaru ta wuce zagayen 'yan takwas. Fitowa ba wasan yara ba ce.

Kuma filinmu ba irin nasu ba ne. Nan ƙwallo na tahowa ta bugi tsakuwa ta canza hanya, ga iskar hunturu. Ni kafin a take wasa sai in ja layi da dunduniya cikin rairayi, daga tsakiyar raga har bakin yadi na 18, don in na fito in san inda ragata take ba sai na waiga ba. Baki kuwa bai rufuwa: "Ku fita!" "Bar ta!" "Hagu, hagu!" Ɗan baya in ya ji murya bayanai, ya fi samun ƙarfin halin turawa gaba.

Mai Gidan Kallo, Tudun Wada

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Na janye shara. Ga lissafi don masu cewa gola ba ya gyara baya. Liverpool a kakar 2017/18 an zura mata 38 a Firimiya. Suka sayo Alisson daga Roma, kakar da ta biyo aka zura masu 22 kacal, ya yi wasa 21 ba a ci shi ba. Manchester City ma, 39 a 2016/17, da Ederson ya zo daga Benfica suka koma 27.

Koci, Samaru

Lissafinka daidai ne, amma kada a ba gola ladan duka. Ɗan baya Van Dijk ya zo Liverpool a Janairun 2018, wato 22 ɗin nan kakarsa ce ta farko cikakkiya. City ma ba gola kaɗai ta saya a 2017 ba, ta sayo ɗan baya Kyle Walker, mai gudun da ke rufe irin wannan fili. Abu ne na haɗin gwiwa. 'Yan baya su turo ba gola mai fitowa, an ci su. Gola ya fito alhali 'yan baya sun lafe a gida, karo za su yi ta yi da juna. Duk kalmar da za a zaɓa, ina so a ji a cikinta cewa aikin don wasu yake yi.

Ɗaliba, Gusau

Malam, da izininka. Tunda muna da "mai tsaron raga" da "mai tsaron gida", me zai hana mu raba su? Mai tsaron raga shi ne wanda ya tsaya a ƙofar ɗaki. Mai tsaron gida kuwa har zaure da ƙofar gida nasa ne, ba ya jira ɓarawo ya iso ɗaki. Ba sai mun ƙirƙiri komai ba.

Malamin Hausa, Ƙauran Namoda

Madalla da wannan tunani, ɗiyata, kuma da yau aka fara ƙwallo da na sa hannu. Matsalar ita ce kalmomin biyu sun daɗe suna cin tuwo a kwano ɗaya. Gidajen rediyo suna musanya su a jimla guda. Ga kuma "bugun daga kai sai mai tsaron gida", inda golan yake tsaye cak a kan layi, doka ma ta hana shi fitowa kafin a buga. In Mai Sharhi ya ce wane mai tsaron gida ne, ba wanda zai ji wani sabon abu. Kalmar da sai ka bi mutane ɗaya-ɗaya kana cewa ma'anarta ta canza, ba za ta yi aiki a lasifika ba.

Mai Sharhi, Gusau

To gola mai sintiri fa? Ko mai tare hanya?

Mai Gidan Kallo, Tudun Wada

Yaya, a Zamfara za ka ɗauki lasifika ka ce wane mai tare hanya ne? Rufa wa yaron mutane asiri.

Malamin Hausa, Ƙauran Namoda

Wannan kam a bar ta. Sintiri ta fi dama, sai dai kai-komo take nunawa, a je a dawo ko da abu ko babu. Abin da Koci ya kwatanta kuwa fita ce guda, da gudu, a daidai lokacin da aka shammaci naka.

Tsohon Gola, Talatar Mafara

Malam, ai ka faɗe ta da bakinka ba ka lura ba. An shammaci naka, ka fita da gudu: ɗauki ke nan. Mu can da, in ɗan baya ya ga an wuce shi, abin da yaka kira ke nan, "Gola, ɗauki!"

Malamin Hausa, Ƙauran Namoda

Allah ya ja kwana, Baba. Wannan ita ce. Kai ɗauki ba a yin sa a zaune, dole ka bar inda kake. Ba a yin sa sai wani na cikin matsi, ga sharaɗin Koci ya cika. Kuma akwai kasada a ciki, don mai kai ɗauki yakan bar nasa wurin ba kowa, ga Higuita ya shigo. A rubutu a ce "gola mai kai ɗauki", a baki kuwa "golan ɗauki". Kishiyarsa "golan layi". Gwada ta da sauri ka ji: "An jefa ta baya, golan ɗauki ya fito, ya cire!" Ba ta sarƙe harshe.

Koci, Samaru

Na karɓa, da gyara ɗaya. Turawa kan cusa iya raba ƙwallo da ƙafa cikin kalmar tasu, musamman tun 2019 da aka yarda ɗan baya ya karɓi bugun gola a cikin yadi na 18. Ɗauki ba ta ɗauke wannan ba, kuma ni ban ga laifi ba, don aiki biyu ne. Akwai mai fitowa da kyau amma fasin ɗinsa sai addu'a. Wancan ai muna da sunansa tuni, "gola mai ƙafa".

Kuma kada "golan layi" ta zama gori. De Gea golan layi ne, ya ci kyautar safar zinare a 2022/23 da wasa 17 ba a ci shi ba, duk da haka Manchester United ta rabu da shi ta kawo Onana don tana son wani salo. Ƙungiyar da ke lafewa baya, wadda ake yi wa ruwan ƙwallo daga kusurwa, golan layi mai kyau ya fi mata amfani. Yawancin ƙungiyoyin unguwa da Mai Sharhi ke gani, irinsu ke nan.

Mai Gidan Kallo, Tudun Wada

Ni dai samarina ba za su bar "suwifa" ba, na san su. Amma zan rubuta golan ɗauki a allon wasanni ranar Asabar in ji me za su ce.

Ɗaliba, Gusau

Saura jam'i da mace, Malam. Muna da irin su Chiamaka Nnadozie, wadda ta tare fenaretin Christine Sinclair a wasan Najeriya da Kanada a 2023. In mace ce ke fitowa, me za a ce?

Malamin Hausa, Ƙauran Namoda

Golar ɗauki. Jam'i kuwa gololin ɗauki. Aikin kansa a ce "ya kai ɗauki", ko "ɗaukinsa ya makara" in an riga shi isa.

Mai Sharhi, Gusau

"Ɗaukinsa ya makara" ma kaɗai ta biya ni, don a gasarmu ita zan fi faɗa. Na gode Baba, na gode Malam da Koci. Sauran wadda ta rage mani ita ce ta wasan da aka tashi ba a ci gola ba, amma wannan sai na buɗe mata nata zaren.