Rijiyoyin fadamar Gulbin Maraɗi: shawarwari kan gwajin ruwa

Masu aikin ruwa da manoman lambu na wajen Jiratawa da Madarumfa sun fi jaddada lokacin gwaji: sau biyu a shekara, a ƙarshen rani da kuma cikin Agusta, lokacin da ruwan sama ke kwaso kashin dabbobi da ƙazantar masai zuwa rijiyoyin da ba su da zurfi.

Wajen ɗaukar ruwan ne aka fi kuskure. A bar fanfo ya zuba minti biyar, a ƙona bakinsa da wuta, a cika kwalbar da aka kashe ƙwayoyin cutarta ba tare da taɓa cikin murfi ba, a sa ta cikin ƙanƙara, ta isa ɗakin gwaji cikin awa shida. Kwalbar da ta wuni a bayan babur cikin zafi, sakamakonta ƙarya ne. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya: kada a samu E. coli, ƙwayar cutar da ke nuna kashi ya shiga ruwa, ko ɗaya a mililita 100 na ruwa.

In an samu, a duba masai ko turken dabbobi da bai kai mita 30 da rijiya ba, da tsagewar siminti a bakinta, da guga mai kwana a ƙasa. Bayan an sa kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, a ruwan sha, a jira minti 30 kafin a sha.

Takin zamani kuwa sinadarin nitirat yake bari a ruwa. Iyakarsa miligiram 50 a lita, kuma jarirai ya fi cutarwa. Tafasawa ba ta cire shi, ƙara masa kauri take yi. Haka ma tafasawa ba ta cire sinadarin fuluwo, wanda ya lanƙwasa ƙasusuwan yaran garin Tibiri da ke kusa da Maraɗi: iyakarsa miligiram 1.5 a lita, kuma rijiyar burtsatse mai ruwa garai-garai ma tana iya ɗauke da shi.