Ana bi na nan da can, ta ina zan fara biya?

Tela Yelwa: Salamu alaikum jama'ar zaure, dan Allah ina neman shawara. Mai butik na bi na dubu 18, mai shadda a babbar kasuwa dubu 40, ga zubin adashe biyu da ban yi ba, ga ragowar dubu 25 na mikrofinans. Kuma so nake bayan babbar sallah in nemi kiredi in ƙaro keken ɗinki. Wanne zan fara kashewa?

Mai Albasa: Wslm. Adashe tukun. Uwar adashe in ta fara yawo da sunanka, duk Garwa ba mai ƙara sa ka a layi.

Hajiya Mai Atamfa: Gaskiya ne, amma mai shaddan nan ka je ka same shi da kanka, kar ka riƙa canza hanya. Mu ƴan kasuwa ɓuya ce take ƙona mana rai. Ko dubu 5 ka riƙa miƙa masa duk Juma'a ya rubuta a gabanka.

Direban Ngaundere: Ƙanena saurare ni, na mikrofinans ɗin nan shi za ka fara rufewa tunda kiredi kake so. Mai butik ba ya ƙara maka ko dala don ka makara, su kuwa kowane wata tara hawa take. Ni na karɓi kuɗi a wata ma'ajiya na gyara injin mota, kullum yarinyarsu mai zagayawa da jaka tana zuwa tasha tana karɓa tana sa hannu a karne, ɗan littafin zubin nan, har ta ce min Alhaji ka gama. Ashe zubin ƙarshe bai shiga kwamfutarsu ba, ita kuma ta bar aikin. Sai da na je banki neman kuɗin taya, mutumin ya juyo min da allon ya ce ga sunanka nan ana bin ka. Ashe bankuna da ma'ajiyoyin nan duk suna kai sunan wanda bai biya ba rajista ɗaya, kowa ya duba zai gani, ko a Marwa ka ci bashin ko a Duwala. Na koma da karnen duk ya sha bakin mai, shafin ƙarshe ma ya manne, suka yi ta min jeka-ka-dawo wai shef ya yi tafiya, wai babu rezo, kakar albasa ta wuce motata na kan duwatsu. Don haka ranar da ka biya na ƙarshe ka kai gishe, wurin karɓar kuɗi a ofishinsu, da hannunka, ka karɓi rasit mai tambari, kuma kar ka bar wajen sai sun ba ka takardar cewa ba sa bin ka komai. Ka yi mata fotokopi ka ajiye.

Tela Yelwa: Kai, Allah ya kyauta yaya. Ni ma karne kawai ke hannuna.

Malamin Makaranta: Bayan ka biya kar ka rufe kont ɗin, wato asusunka. Abin da suke dubawa motsi ne, kuɗi na shiga na fita, ko dubu 2 ne duk mako. Kuma ka tanadi katin ɗan ƙasa da NIU, wato lambar mai biyan haraji, tun yanzu. Ka kuma tabbatar ma'ajiyar tana da lasisi, COBAC, hukumar kula da bankunan Afirka ta Tsakiya, ce ke sa ido a kansu.

Ladan: Ni dai tambayata, kiredin nan da ruwa ne ko babu? Kar mu taru mu koya wa yaro hanyar riba.

Mai Albasa: Malam an fara kenan

Ladan: Ba faɗa ba ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani kan rubuta bashi take, Baƙara 282, amma kafin ta da kaɗan aka yi maganar riba. A haɗa biyun.

Hajiya Mai Atamfa: To Malam sai ka ranta masa ba ruwa, mu shaida 😂

Ɗan Barno: Ni akwai wani Bafulatani a zauren nan da ya karɓi dubu 3 a hannuna ranar kasuwar Pitowa, har yau shiru. Ba zan faɗi suna ba.

Jauro: Babarbare da ƙarya! Kuɗin goron ubangidanka ne ka bayar.

Maman Biyu: Ku dai kar ku biya bashi ta Orange Money ko MoMo ku goge saƙon. Kuma tun 2022 da aka sa harajin 0.2% ga kuɗin cirewa, wasu sai su ce bai cika ba, a yi ta rigima kan ɗari biyu.

Tela Yelwa: To yanzu adashe ko mikrofinans? Kun raba min hankali.

Mai Albasa: Adashe.

Direban Ngaundere: Mikrofinans na ce.

Jauro: Wai tela, rigata da na kawo tun azumi fa?