Abin da muka tsinto a baje kolin furanni

Mai kaɗi: Jama'a, wa ya taɓa shiga baje kolin furanni da tsirrai ya fito da dabarar saƙa ko rini? Ni dai kallon fure ya kai ni, sai na ɓige a rumfar tsirran zare. A can na fara ganin flax, wanda ake yadin lilin da shi. Siriri ne, furensa shuɗi, da safe yake buɗewa, kafin yamma ya zube. Mai rumfar ya ce ba a yankansa, tumɓuke shi ake yi har saiwa don zaren ya yi tsawo, sannan a jiƙa karan sai ya saki. Na ce ashe ɗan'uwan rama ne wajen aiki.

Mai koyon rini: Yaya, ni kunya na kwaso. Na ga furen dahlia ja wur, ranar rufewa na roƙi waɗanda suka yi yaushi, na dafa su da farin ƙyalle. Wani ruwan ɗorawa mai duhu ya fito, wanki biyu ya koɗe, don ban fara jiƙa ƙyallen a ruwan alif mai sa rini ya kama ba. Jan da nake nema kuwa ashe yana cikin saiwar madder, wani tsiro mai kaushi da na wuce, ko kallo bai ishe ni ba. Shekara 3 ake barinsa a ƙasa kafin a tona.

Marini: 'Yar'uwa, ba ke kaɗai ba ce. Fure mayaudari ne. Dubi baba: ganyensa kore shar, zaren ma kore-kore yake fitowa daga ruwan rini, sai ya sha iska yake komawa shuɗi.

Mai surfani: Ni ban dafa komai ba. Zarurrukana na tafi da su a jaka, ina kara su jikin ganye. Abin da na ɗauka kore ɗaya ne, sai da na haɗa zare 5 kafin ya yi kama. Ku riƙa leƙa bayan ganye, jijiyoyin sun fi fitowa a can. Hoton waya kam kada ku yarda da shi, canza launi yake yi.

Mai kaɗi: Malam marini, na ga igiyar zaren ayaba a wata rumfa. Tana karɓar baba kuwa?

Marini: Tana karɓa. Amma ki fara dafa ta da ruwan toka, ki ɗauraye sosai, in ba haka ba rinin zai fito dabbare-dabbare.