Zama da maɗaukin kanwa: farin kan nan wanke shi ake yi, ko zama yake?

Baba Tela, Aboabo:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Karin maganar yau kowa ya san ta: "Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai." Da ita iyayenmu ke ja mana kunne a kan abokai. Abin da nake so mu duba shi ne farin kan kansa. Garin kanwa dai in ka sa ruwa ya fita. To me ya sa ake faɗin maganar da nauyi, kamar abin da ba ya gyaruwa? A ganina masu maganar sun hango abin da nake gani kullum a teburin ɗinki. Muna ajiye allurai a kan mayen ƙarfen da aka ciro daga tsohuwar sifika don kada su watse. In allura ta daɗe a kai ka ɗauke ta, sai ka ga ita ma tana jan 'yan'uwanta. Ba abin da ya manne mata, wanki ba ya fitar da shi, amma halinta ya sauya. Farin kan da nake tsoro wa yaranmu ke nan.

Mai Gwangwan, Suame:
Wa alaikumus salam Baba. Allah ya ƙara girma, amma ban yarda gaba ɗaya ba. Mayen ƙarfe a aljihuna yake kwana, da shi nake cin abinci. In aka kawo kaya a Magazin, unguwar masu gyaran mota da aikin ƙarfe ta Suame a Kumasi, shi nake fara ɗorawa. Baƙin ƙarfe ya kama, jar wayar tagulla ba ta kamawa, alminiyom ba ya kamawa, kuma waɗannan da ba sa kamawar su ne masu tsada. Ka ajiye tagulla shekara guda a jikin maye, ba za ta ɗauki ko ƙusa ɗaya ba. Ashe ba zaman ne kaɗai ba, akwai abin da mutum ya zo da shi. Shi ya sa aka ce hali zanen dutse. Mun ga yaran da suka tashi a tsakiyar 'yan shaye-shaye, har yau ko sigari ba su taɓa ba.

Malamar Kimiyya, Asawase:
Baba da Yaya, kowannenku ya riƙe gefe ɗaya na gaskiya. Bari in faɗi yadda abin yake, ku ku yi hukuncin karin maganar.

Cikin ƙarafan da muka saba da su, baƙin ƙarfe da nikel da kobal ne maye ke ja da ƙarfi. Tagulla da alminiyom da zinariya ba sa mannewa. Dalili kuwa, a cikin baƙin ƙarfe akwai ƙananan yankuna da ido ba ya gani, kowanne tamkar ɗan mitsitsin maye ne, sai dai kowa ya fuskanci inda ya ga dama, ƙarfinsu na kashe juna. In babban maye ya matso, sai su juya su fuskanci gefe ɗaya. Allurar Baba ba wani abu aka zuba mata ba. Abin da ke cikinta tun asali ne aka jera.

Sannan ƙarfen ma iri-iri ne. Mai laushi yana saurin ɗauka, amma da an janye mayen sai ya saki kusan duka. Mai tauri irin na allura ya fi wuyar ɗauka, in ya ɗauka kuma sai ya riƙe. Ko wanda ya riƙe ɗin ana iya raba shi da shi: a yi ta dukansa da guduma, ko a gasa shi. Baƙin ƙarfe in zafinsa ya kai digiri 770 a ma'aunin Salshiyos, maye ba ya jansa sam sai ya huce.

Hajiya Mai Koko, Sabon Zango:
'Yata, Allah ya yi albarka, na ƙaru. Amma ku duka kun bar kanwar kun bi ƙarfe. Ni na sayar da kanwa wa masu dafa wake da shinkafa, na san yadda buhunta ke yi. Mai dakon ya ɗauko, kai kana gefe, ƙurar ta sauka a kanka. Ba ka ɗauka ba, ba ka saya ba, amma duk wanda ya gan ka zai ce kai ma daga wurin kanwa kake. Maganar a kan idon mutane take. Zargi take nufi. Yaro na iya zama tagullar da Mai Gwangwan ke faɗa, bai ɗauki komai ba, amma ranar da aka zo kame a majalisarsu da shi za a tafi, ranar da ya je neman aure a ce an san da wa yake zama. Wannan ya ishe shi hasara ko halinsa bai motsa ba.

Kuma abin da ke min ciwo, mu mazauna Zango an daɗe ana yi mana wannan kallo. Yaro ɗaya ya yi laifi a ce 'yan Zango ne. Don haka ba na son mu ma mu ɗauki maganar mu mai da ita sandar dukan 'ya'yan maƙwabta.

Ladan, Asawase:
Hajiya ta faɗi abin dubawa. Ni kuwa Baba Tela nake goyon baya, da dalilin da na gani da idona. Alƙiblarmu a Kumasi gabas ce mai karkata arewa, kuma mutane kan duba ta da kamfas, na'urar nan mai allura da ke nuna arewa, in za a shimfiɗa sahu a sabon wuri. Ka riƙe kamfas kusa da ƙofar ƙarfe ko akwatin lasifika, allurar sai ta kauce. Ba ta taɓa komai ba, kusanci kawai. Mai riƙe da ita kuma bai san ta kauce ba, yana nan ya amince da ita. Wannan shi ne hatsarin zama. Mutum na rantsuwa bai sauya ba, alhali abin da yake auna daidai da shi ne ya karkace.

Malamar Kimiyya, Asawase:
Malam Ladan, haka ne, kuma ga dalilin. Kowane maye yana da kewayen da ƙarfinsa ke aiki a ciki ba tare da taɓawa ba. In kana son ganinsa, ɗora takarda a kan maye ka barbaɗa garin ƙarfe irin wanda ke zuba wurin masu walda. Zai jeru layi-layi masu lanƙwasa daga wannan kai zuwa wancan, ya fi cunkushewa a kawunan biyu, na arewa da na kudu. Ita duniya ma babban maye ce, kamar yadda wani likita a Ingila, William Gilbert, ya bayyana a 1600, kuma ƙarfinta allurar kamfas ke bi. Sai dai ƙarfin nan nata a inda muke ba shi da yawa, ɗan mayen da ke kusa yana rinjayarsa. Amma ku lura, ƙarfin maye yana raguwa da sauri sosai in an ja baya. Taku kaɗan daga lasifikar, allurar ta koma daidai da kanta.

Mai Gwangwan, Suame:
To Malama, kin ga nan ma maganata ta fito. Ta koma da kanta.

Baba Tela, Aboabo:
Ta koma don an ja ta baya, ɗana. Wa ya ja ta? Mai riƙe da ita. Kuma kai kana da mayen gwaji a aljihu, ka ɗora ka san wannan tagulla ce, wannan baƙin ƙarfe ne. Uba ba shi da abin da zai ɗora wa ɗansa ɗan shekara 14 ya san wane iri ne. Sai bayan an zauna ake sani, lokacin kuwa in mai riƙewa ne ya riga ya riƙe. Hajiya, na karɓi gyaranki a kan zargi, ma'anar tana ciki. Amma ba zan daina faɗa wa almajiran shagona ita ba.

Hajiya Mai Koko, Sabon Zango:
Faɗa musu, Malam, ban hana ba. Sharaɗina ɗaya: a faɗa wa yaro a cikin ɗaki, tsakaninka da shi. Kada a jefa ta a bainar jama'a uwar wancan yaron na ji, don ita ma ɗanta ne ake kira maɗaukin kanwa. Kuma wa zai zauna da shi wancan ɗin in kowa ya janye nasa? Malama, ina da tambaya: allurar kirki in ta zama maye, ita ma tana iya jera na kusa da ita, ko sai babban maye kaɗai?

Malamar Kimiyya, Asawase:
Tana iyawa, Hajiya, amma kaɗan, kuma sai an haɗa su kusa sosai. In aka goga ta a kan wata allurar, a riƙa gogawa ta gefe ɗaya, kada a yi gaba a yi baya. Gobe in sha Allah zan biyo ta wurin kokonki da maye da allurai biyu ki gwada da hannunki.