Shawarwarin da aka bayar kan shagon tsofaffin kaya

Ranar Asabar muka zauna a zauren mai unguwa kan shagon da muke son buɗewa, inda jama'a za su riƙa kawo kayan da suka gama da su, masu sana'ar hannu da malaman firamare su saya da araha. A San Faransisko ta Amurka akwai irinsa, SCRAP, tun 1976.

An fi daɗewa kan ƙyallaye. Wani tela ya ce kowace Sallah buhu-buhu yake zubarwa, alhali da su ake cusa matashin kai, ake ɗinka wa yara jakar makaranta. Ya ce a ware atamfa daban, shadda daban, a ɗaure ƙulli-ƙulli, domin in an cakuɗa babu mai tsayawa tonowa. Wata Hajiya ta ce kada a karɓi mai danshi, zai ruɓar da sauran. Wannan ta fi kama ni, don na taɓa asarar buhu guda da damina.

Masu aikin sa-kai a shagon kuwa, a raba musu ranaku, kada a bar wa mutum ɗaya mabuɗi har ya gaji. Tsohon ƙarfe a bar wa 'yan jari-bola, abincinsu ne.

An kuma ba da shawarar cewa a gida, a wanke gwangwanin madara a zuba ƙusa ko maɓalli, ruwan wankin shinkafa a ba shuka, a tafi kasuwa da jaka a rage karɓar leda. Jarkar maganin ƙwari kuwa, kowa ya yarda kada ta shigo shagon ko an wanke ta.