Wa ya taɓa zuwa kallon furen nan mai warin mushe?

Ɗan Kurna: Salam jama'a. Jiya na ga wani bidiyo na watan Janairun 2025, mutane sun yi dogon layi a birnin Sidni na Ostireliya wai don kawai su shaƙi warin fure, har suna suka raɗa masa, Putricia. Abin ya ɗaure min kai. Akwai wanda ya taɓa gani ido da ido? Da gaske yana wari ko zuzutawa ce?

Maman Hanan: Wallahi yana yi malam. Ni a lambun Kew na Landan na gan shi lokacin maigida yana karatu a can. Ka san in ɓera ya mutu a bayan kwaba aka kwana uku ana nema? To ka haɗa da ruɓaɓɓen kifi. Da gefen mayafi na toshe hanci, 'yata kuwa sai ja na take wai Mama mu tafi gida. Amma fa kyau kam akwai shi, ya fi maigidan tsawo nesa ba kusa ba, wani ma yana haura mita 3, tsakiyarsa wani dogon abu a tsaye kamar taɓarya, gefen ya buɗe kamar siket, cikin kalar hanta. Tun 1889 ya fara buɗewa a wurin.

Injiniya: Ni kar ma ku tuna min. Na biya kuɗin jirgin ƙasa har Edinbura, na ce bari in jira wikend tunda akwai aiki, ko da na isa taɓaryar ta langaɓe, warin ma babu. Ashe kwana ɗaya zuwa biyu kawai yake yi, bayan ya shafe shekara 7 zuwa 10 kafin ya fara fure. Hoto na ɗauka da gawar furen gawa na juyo.

Ɗalibi a Malesiya: Hhhh sannu Injiniya. Nawa daban ne, Rafflesia, a dajin Lojing kusa da Cameron Highlands. Mota mai fowil ta kai mu bakin daji sannan muka taka a ƙafa cikin taɓo, matsattsaku ya maƙale min a ƙwauri ban ma sani ba sai da na ga jini a safa, duk don fure ɗaya da ke shimfiɗe a ƙasa kamar faifai babba, ja mai kauri, ƙudaje na ta shiga ramin tsakiyar. Ba ganye ba saiwa, a jikin wata kurangar daji yake rayuwa kamar kauci. Gaskiya sai da na sunkuya sosai na ji warin.

Malam na Samaru: Ana yawan haɗa su amma ba dangi ba ne. Na Maman Hanan asalinsa tsibirin Sumatra ne a Indunusiya, can suna ce masa bunga bangkai, wato furen gawa, kuma danginsu ɗaya da gwaza. Daren da ya buɗe jikinsa yana ɗumi kusan kamar na mutum, warin ya tashi ya yi nisa, ƙuda da ƙwaro su zaci nama ne su zo su kwashi garin furen su kai wa wani. Ɗan Kurna in kana son ɗanɗano ba sai ka nemi biza ba, ka sunsuna furen karan masallaci, dabarar ɗaya ce.

Ɗan Kurna: Kai Malam! Akwai shi a gidan kakarmu a cikin tsohuwar tukunya, shekara da shekaru muna ɗora wa kwata laifi.