Kunyar masu cikin fari da gajiyar ma'aikaciyar jinya

Malamar jinya, Daura:
Assalamu alaikum. Ina aiki a ɗakin awon ciki da haihuwa, kuma ina neman shawarar manya. Mai cikin fari takan zo awo ta sunkuyar da kai, ta ƙi faɗin abin da ke damunta saboda kunya, sai uwar mijinta ta riƙa amsawa a madadinta. Wata kuma ba a kawo ta sai naƙuda ta yi tsawo, domin ana jiran izinin maigidan da ya tafi kasuwar Mai'aduwa. Nakan tashi daga aikin dare raina a ɓace, har na fara yi wa mutane tsawa. Yaya zan girmama al'ada ba tare da lafiyata ta taɓu ba?

Tsohuwar ungozoma, Katsina:
Wa alaikumus salam, 'yata. Kada ki yi musu da uwar miji a gaban matar ɗanta, domin ita ce ke da ta cewa idan an koma gida. Ki gaishe ta da kyau, sannan ki ce, "Inna, a ɗan ba mu wuri in auna ta." Idan kuka rage ku biyu, yarinyar za ta buɗe baki. Haka batun wankan jego da kunun kanwa, waɗanda likitocin Zariya suka danganta da ciwon zuciya bayan haihuwa tun shekarun 1970: idan kika ce a daina gaba ɗaya, za a amsa miki da "to" a je a ci gaba. Ki nemi a sirka ruwan, a rage kanwar, ki kuma matsa sosai a kan mai hawan jini ko kumburin ƙafa.

Jami'in walwalar jama'a, Katsina:
Malama, batun izini ba a ranar naƙuda ake warware shi ba. Mukan bi ta hannun mai unguwa da liman, a sa magidanci ya bar izini da kuɗin mota tun kafin watan haihuwa ya kama.

Ma'aikacin jinya, Daura:
Hajiya ungozoma ta yi gaskiya, amma sanin al'ada ba ya maganin ƙarancin ma'aikata. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan gajiya a matsayin matsalar da yanayin aiki ke haifarwa, saboda haka kada ki ɗauke ta gazawarki ce. Ki sami shugabar ɗakinku a gyara jadawalin aikin dare, ki karɓi hutunki na shekara. Idan ba a saurare ki ba, ki kai kuka ga ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma.